Jan Takalmin Leontiyos

A birnin Salonika kowa ya san guba ce ta kashe ƙaramin sarki Leontiyos, ɗan shekara bakwai, wanda ubansa ya naɗa abokin sarautarsa. An ce mai renonsa, Marula, ce ta zuba masa a zuma. Har an sa ranar da za a ƙwaƙule mata idanu.

Tsohuwa Teodosiya, matar marigayi likitan fada, ta karance littattafan mijinta fiye da shi kansa, kuma abin da kowa ya sani bai cika shiga kanta ba. Wace irin guba ce ke farawa da ɗingishi?

Ta sami Marula a kurkuku.

"Ke ko an ba ki gubar, a hanya za ki ɓarar. Ina yaron ya ce yana masa ciwo?"

"Bai ce ba, Uwa. An koya masa sarki ba ya kuka. Gudu kawai ya daina."

"Kin duba ƙafar?"

"Ni a wa? Tun da aka naɗa shi, ƙafa ta koma hannun mai tufafin sarki. Nawa sumbatar takalmi, kamar kowa."

Mai tufafin, Kalinikos, ya fito mata da takalmin bisa matashi, ja wur, da gaggafa ta zinariya. Teodosiya ta zura hannu ciki. Wajen diddige ya ƙandare da busasshen jini.

"Wannan ai na ɗan shekara biyar ne."

"A Kustantiniya, babban birni, kaɗai ake ɗinka jan takalmin sarauta, Uwa, ga yaƙi ya tare hanya tun bara waccan. So kike in fito da sarki cikin baƙi, kamar ɗan masunci?"

"Ka ga gyambon?"

"Na shafa mai mai tsarki, na naɗe da alharini."

"Ka sake tura ƙafar ciki."

"To ina zan sa ta?"

Ta ɗauki takalmin da matashinsa ta kai gaban alƙali. Ya leƙa ciki, ya kawar da hanci, ya aika a saki Marula. Sannan ya tambayi tsohuwar me za a gaya wa uban yaron.

Ta ce, "Takalmi ya yi masa kaɗan, ya ci masa diddige, gyambon ya ruɓe, ya mutu."