Kujerar Baba Kafinta

"Wallahi in kuka taɓa ta ƙarshen nan, ban yafe ba!"

Baba Kafinta ne daga bakin ƙofa, yana dafe da bango, numfashinsa na fita da ƙyar. A gaban shagonsa 'yarsa Auta ta riƙe ƙugu, ɗan gwangwan kuma na durƙushe yana kwance ƙarafan da ke ƙarƙashin kujerun. Na ajiye almakashi na fito, don shagon ɗinkina bango ɗaya ne da nasa, kuma na gaji da jin wannan rigima.

"Anti Tela, ki gaya masa gaskiya," in ji Auta. "Wanda ya ba mu hayar shagon ya ce a kwashe. Ina zan kai su? Kaina zan ɗora?"

Asalin kujerun ciwon gwiwar matarsa ne. Ya ƙera mata kujera, ya sa sifirin na babur a ƙasa. In ka zauna ta sauka da kai a hankali, in ka yunƙura ta turo ka sama. Matar ta more ta har Allah ya yi mata rasuwa. Daga nan ya ƙudurta cewa duk tsohon da ke layinmu zai so irinta. Ya bar gado, ya bar kabad, ya cika shago da su, ya rataya allo da jan fenti: KUJERAR TSOFAFFI DA MARASA ƘARFI.

Da hannunsa ya kashe kasuwarsa. Wa zai shiga ƙarƙashin wannan allo da rana tsaka? Mai kantin layinmu, wanda sai ya dafa gwiwa ya yi salati kafin ya bar benci, cewa ya yi, "Ni? Haba, ai da saurana." Mijina ma, mai furfura har gira, ya ce sai dai a kai wa yayansa.

Bakina ya gaji da cewa, "Baba, sauke allon nan."

"Ƙarya zan rubuta?" yake cewa. "Mai ciwo ai ya san ciwonsa."

Ran nan dai Auta ta bar masa guda ɗaya. Muka ja ta zuwa ɗakinsa, muka ajiye kusa da taga. A kanta ya ƙarasa kwanakinsa, don kwanciya na toshe masa numfashi. In na kai masa ruwan zafi sai in tarar yana kallon titi, yana shafa hannun kujerar.

"Mutum ɗaya nake so, maƙwabciya," ya ce. "Wanda ba na gida ba. Ya zauna, ya tashi, ya ce a ƙera masa. Shi ke nan."

"To ɗaga ni in zauna."

"Ke tausayi ne. Ba na sayar wa tausayi."

Ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayin da yake gudu. Wata safiya Auta ta leƙo shagona ba ko ɗankwali. Na ajiye ɗinki na bi ta. Mun same shi a zaune, kansa ya ɗan karkata wajen taga.

Da masu gaisuwa suka yi yawa wurin zama ya ƙare, aka fito da kujerar ƙofar gida. Dattawan layi suka riƙa kewaye ta, suna zubewa kan benci da nishi. Can sai ga wata abokiyar aikin Auta, da tsohon ciki, ƙafafunta a kumbure. Ba ta san komai ba, ta ga wuri ta zauna. Ta yi gaisuwa, ta yi addu'a, ta yunƙura za ta tafi, sai ga ta tsaye.

"Ikon Allah!" ta ce, tana waiwaye. "Rabon da in tashi ba a kama ni ba har na manta. Auta, ina ake sayar da ita? Mu da muke zuwa awo, wallahi wawasonta za mu yi."

Masu ciki ba su taɓa zuwa ran kowa ba, har ni da nake buɗa musu riguna kullum. Auta ta dube ni, ta dubi shagon da aka garƙame, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kujerar kuwa ba ta gama tasowa ba. Ta ci gaba da ɗagowa a hankali, ba kowa a kanta, har ta tsaya.