Tsakanin Bugu Biyu

Baba ne ya kawo kansa. Ya tuɓe riga, ya zauna a kujerar falo, ya ce Auta ta zo ta gwada karatunta a kansa, tunda jarrabawarta ta makarantar likitanci ta matso. Mutumin da ko maganin ciwon kai sai an lallaɓa shi yake sha, yau shi ne ke miƙa ƙirji. Ya kamata abin ya ba ta mamaki, amma hankalinta yana kan jarrabawa.

"To, likitar gobe, me ake yi a cikin ƙirjin nan?"

Auta ta rataya abin sauraren ƙirji, ta fara zuba kamar tana gaban malaminta. "Da farko zuciya tana saki, jini ya cika ɗakunan ƙasa. Na sama su matse, su ƙarasa zuba ragowar. Sai ƙofofin tsakani su rufe, shi ne bugu na farko. Ɗakunan ƙasa su matse, su tura jini waje, ƙofofin fita su rufe. Bugu na biyu ke nan."

"Tsakanin biyun fa?"

"Shiru ne, Baba. Jini yana wucewa salin-alin."

"To saurara mana."

Ta ɗora ƙarfen a ƙirjinsa. Bugu na farko ya zo, na biyu ya biyo, amma babu shiru a tsakaninsu. Wata ƙara ce mai kaushi, kamar ruwa na fita daga tiyon da aka taka. Ta matsa sama ta gefen dama, ƙarar ta ƙaru. Ta bi ta har wuyansa. Ƙofar fita ce ta tsuke.

Sai ta tuna yadda yake tsayawa a tsakiyar matakalar bene, wai yana duba waya, ashe numfashi yake mayarwa. Tsoro ya kama ta.

Umma tana tsaye a bakin ƙofa da wanki a hannu, kuma ba ta tambayi komai ba.

"Baba, tun yaushe?"

"Likita ya ji ta tun bara. Ya ce sai an yi aiki." Ya kalli rigarsa. "Uwarki ta dame ni in gaya miki. Bakina ya kasa."

Ya yi ɗan murmushi. "Ai kin ci jarrabawa ke nan."

 Auta ta mayar da ƙarfen kan ƙirjinsa, ta ce ya daina magana, ba ta gama ba.