Ihun da Orville Ke Jira

"An fasa wasan ne?" Orville ya tambaya, idonsa a rufe.

Marlys maƙwabciyarsa ta ajiye romon kazar da ta kawo. "Ana yi mana. Kai dai sha."

"Ana yi, ba ihu? Ciwo nake, tsohuwa, ban kurmance ba."

"Ji mai kiran wani tsoho!"

Gidan Orville na jingine da katangar filin wasan ƙwallon besbol na garin. Tun yana saurayi ba ya fashin wasa, sai da ciwon huhu ya kwantar da shi. Yanzu da kunne yake kallo.

Abin da Marlys ta kasa faɗa masa shi ne filin ya riga shi mutuwa. Rufi na yoyo, bencuna sun ruɓe, banɗaki kuwa ba a magana. Ƙungiyar garin ko kuɗin fenti ba ta da shi. Jama'a duk sun koma sabon filin birni. Wa zai ga laifinsu? Ita ma rabonta da shiga tun da ƙusa ta yaga mata siket.

"Waƙar da 'yan kallo ke yi a zagaye na bakwai na wasa nake kewa," ya ce a hankali. "Yadda muke miƙewa gaba ɗaya. Sau ɗaya kawai, Marlys."

Tausayi ya kama ta. Washegari ta bi coci, ta bi shaguna, tana roƙon mutane su zo tsohon filin su yi wa Orville waƙar.

"A wannan kangon?" in ji Duane mai aski. "Benci ya karye da ni fa?"

"Da tumbin nan naka ko ƙarfe ne ma sai ya karye. Ka zo da kujerarka!"

Ranar Asabar da la'asar suka zo. Ba su cika rabin filin ba, amma dai sun zo, har da Duane. Marlys ta lallaɓa ta hau layin sama, inda ake hango gidan.

A zagaye na bakwai kowa ya miƙe. Muryoyi duk sun yi tsatsa, katako na kuka a ƙarƙashinsu.

"Ku ɗaga murya, don Allah!" in ji Marlys.

Ta waiga. Janine, 'yar Orville da ba ta barin bakin gadonsa, ta fito ta zauna a matakalar ƙofa. Ta ɗago ta hango Marlys, ta gyaɗa kai sau ɗaya, sannan ta kifa fuska a gwiwa. Marlys ta gane: ya ji waƙar, kuma ya cika.

Saura baiti guda. Marlys ta riƙe ƙarfen gefe ta ƙarasa tare da su.