Hannu Cikin Randar Shinkafa

Kakana Digambar Rane matuƙin jirgin saman yaƙi ne na sojan ruwa. Daga kan wani ƙaton jirgin ruwa yake tashi, a kansa yake sauka. A yaƙin 1971 aka harbi jirginsa a gaɓar tekun Bengal, amma sai da ya kai bama-bamansa inda aka aike shi, sannan ya juyo jirgin na fitar da hayaƙi, ya faɗa teku. Shi aka ba lambar jarumta. Ni kuwa zuciyata kullum tana wurin matarsa, Kaka Sulabha.

Watanta bakwai da aure wayar tangaraho ta iso garinsu Malvan: an neme shi an rasa. Kwana uku bayan nan matan dangi suka cika tsakar gida. Surukarta ta ɗauko dutse, za a fasa koren ƙarau na hannunta, a goge jan garin goshinta, ta zama mai takaba.

"Miƙo hannu, 'yar nan. Ni na haife shi, kin fi ni jin zafi ne?"

"Inna, kin ga gawa?"

"Teku na mayar da gawa?"

"Kwakwar da muke jefa mata sadaka ma tana dawowa, balle mai taurin kai irin ɗanki."

Wata gwaggo ta tafa hannu. "Ku ji mini! Jiya-jiya aka kawo ta, har ta san halinsa."

Kaka ta ruga madafi, ta cusa hannuwa cikin randar shinkafa har gwiwar hannu. Nan kowa ya tsaya cak. Wa zai fasa ƙarau don takaba a kan hatsin gida, ya kori albarka? Tun daga ranar, da ta ji tafiyarsu sai randa. Tana kuka, hawaye na ɗiga a kan shinkafa, hannu dai bai fito ba.

Rana ta tara surukar ta shigo ita kaɗai, ba dutse, sai faranti. Ta durƙusa ta yanko loma.

"Buɗe baki. In yana raye, kada ya tarar da ƙashi."

Tana ba ta a baki mai kawo wasiƙa ya yi sallama da ihu tun daga ƙofa. Masunta sun tsamo Digambar, ƙafa ɗaya a karye, yana asibitin soja, yana tambayar matarsa.

Tsohuwar ta zauna daɓas a ƙasa, dariya da kuka sun haɗe mata.

"To, uwar gardama, fito da hannun nan. Tashi ki wanke shinkafar, yau duk unguwa za ta ci."