Leƙe

Kafin Auta ta fara aiki a shagon ɗinki, uwarta ta kwashe mako tana yi mata bita: in an gaishe ki ki amsa, ki dubi fuskar mutum ko sau ɗaya. Likita ya ce wata lalura ce da ake kira otizim, maƙwabta kuwa suka ce girman kai, don su ba sa rasa sunan da za su laƙa wa 'yar wani. Shekararta ashirin da uku, hannunta a kan keke kamar ruwa, amma shago biyu sun sallame ta saboda ba ta hira. Wannan ne na uku, kuma watan gwaji take.

Ana cikin haka mai shagon ta zame a matakala ta karye a ƙafa. Ma'aikata suka ɗunguma dubiya, uwar ma ta bi. Da za su tafi, mai shagon ta ce, "Ku riƙa leƙo ni."

"Ai kullum, Anti!" suka amsa baki ɗaya.

"Ƙarfe nawa?" in ji Auta.

Aka kwashe da dariya. Uwar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mai shagon ta ce, "To, ƙarfe huɗu."

Bayan mako biyu wata abokiyar aikin Auta ta tare uwar a titi. "Mama, ki ja wa 'yarki kunne. Kullum ƙarfe huɗu sai ta tura ƙofar Anti, ta zura kai, ta ce 'na leƙo', ta juya. Ko zama ba ta yi."

Uwar ta gyara mayafi. Ta nufi gidan mai shagon, tana shirya ban haƙuri a hanya.

Ta tarar da matar a falo, ƙafa bisa matashi, an juya kujerarta tana fuskantar ƙofa.

"Ki yi haƙuri, Hajiya, ita magana yadda aka faɗa take ɗaukarta. Don Allah kada wannan ya shafi aikinta."

"Zauna, Maman Auta. Mutum goma sha ɗaya na ce wa su leƙo ni. Kin ga ko ɗaya?"

Agogon bango ya buga huɗu. Ƙofa ta buɗe, kan Auta ya shigo, idonta a kan filastar da aka ɗaure ƙafar da ita.

"Na leƙo. Yatsunki sun fi jiya kumbura, ki faɗa wa likita."

"Zan faɗa. Shigo ki karɓi makullin shago, daga gobe ke za ki riƙa buɗewa."

"Ƙarfe nawa?"

Wannan karon uwar ba ta sunkuyar da kai ba. Daɗi ya cika ta har wuya, ta gyara zama kamar falon nata ne.

"Faɗa mata, Hajiya," ta ce. "'Yata ce. In kika ce bakwai, to bakwai ɗin ce."