Sabuwar Wayar Lasifikar Baba

Tun da babanmu ya yi ritaya daga aikin tuƙi, falo ya zama ofishinsa. Yana da lasifika biyu masu akwatin katako, tsofaffi, har sun girme ni. Kullum da hantsi sai ya goge su da tsumma, ya sa faifai, ya jingina a kujerarsa ya lumshe ido.

Kwatsam ya fara ƙorafi wai sautin ya dushe, kamar mawaƙin ya lulluɓa da bargo. Wani mai shagon kayan sauti ya ce masa laifin wayar da ke haɗa lasifikan ne. Ranar da na je gaishe su tare da mijina, muka tarar ya sayo sabuwa, mai kauri kamar igiyar ɗaure kaya, bakinta na ƙyallin zinare. Da Mama ta raɗa mini tsadarta, sai da na dafe ƙirji.

Mijina mai aikin lantarki ne, shi ya durƙusa zai haɗa ta.

"Baba, a gafarce ni," ya ce cikin ladabi, "a ɗaki kamar wannan tsohuwar ma ta isa. Duk tagulla ce a ciki."

"Kai dai haɗa, ɗana. Kai wuta ka sani, ni kiɗa na sani."

Aka sa faifai. Baba ya saurara, ya ce akwai canji, amma jikinsa a sanyaye. Ni kuwa shi nake kallo. Nas ce ni, na lura yana karkata kai yana miƙa kunnen dama. Na zagaya ta hagunsa na ce a hankali, "Baba, in kawo maka ruwa?" Ko motsi bai yi ba.

Kwana uku muna lallashi kafin ya yarda na kai shi asibiti. Ashe ba wata cuta ba ce, datti ne ya daskare ya toshe kunnen. Nan take aka wanke masa.

Muna dawowa, ko hula bai cire ba ya kunna faifan. Ya tsaya cak a tsakiyar falo, baki a sake.

"Kun ji? Ashe har da sarewa a waƙar nan! Ai na san wayar sai ta ɗan saba da gida."

Mijina ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

"Gaskiya ne, Baba," ya ce, "ta yi kyau."

Mama ta leƙo daga kicin ta ƙwala masa kira cewa abinci ya sauka. Baba ya zabura.

"Haba ke kuwa, me ya kawo ihu? Ga ni kusa da ke!"

Mama ta yi dariya har da hawaye. Ta ajiye ludayin hannunta ta zo ta zauna kusa da shi, suka saurari waƙar tare har ta ƙare.