Aljihun Cikin Riga

Sai da almakashi ya kai bakin yadi sannan Tela ta lura hannun riga na hagu biyu ta yanka. Shekara ashirin da biyu tana kan keken ɗinki, ko lokacin da take koyo ba ta taɓa tafka irin wannan ba. Ta tsaya tana kallon hannayen a kan tebur, ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

Tun ranar Litinin hankalinta ba ya jikinta. Ranar ce likita ta juyo mata da takardar gwaji, ta ce ƙullutun da ke mamanta na hagu ciwon daji ne. Ta ce an yi sa'a, an gano shi da wuri, kuma hanya biyu ce. Ko a cire ƙullutun kaɗai a bar mata maman, sannan ta tare sati biyar a wani babban asibiti mai tafiyar yini guda, kullum ana yi mata gashi, wato haska wurin da na'ura. Ko a cire maman gaba ɗaya, wataƙila ta huta da gashin. Duka biyun, in ji likita, kusan sakamako ɗaya suke bayarwa. Ta ce ta dawo Alhamis da amsa.

Yau Laraba, kuma amsar da Tela ta fi karkata gare ta ita ce ta uku, wadda likita ba ta ambata ba: ta ƙi komawa. Duk matan da ta sani da wannan ciwo, daga ranar da aka sa musu wuƙa ba su ƙara shekara ba. Gwaggonta haka, matar mai shagon kusa haka. Maigidanta kuwa, bawan Allah, da ta nemi shawararsa cewa ya yi duk wanda ta zaɓa daidai ne, ya fita waje yana goge ido. Ita dai tsoro take ji.

Tana ƙoƙarin tura ɓarnar ƙarƙashin wani yadi ta ji sallama. Hajiya Warware ce, tsohuwar shugabar makaranta. Telolin layin ne suka raɗa mata sunan, don ba ta taɓa karɓar ɗinki ba tare da ta ce a warware wani wuri a sake ba. Kowa ya gudu ya bar wa Tela ita, yau shekara tara. Kuma kowace riga sai an yi mata aljihu daga ciki, a ƙirji ta dama, faɗinsa tafin hannu, bakinsa a sama. Tela ba ta taɓa tambaya ba. Ita dai ta yanke cewa tsohuwar ba ta yarda da jaka ba ne, makullan gidanta take ɓoyewa a wurin.

"Ina rigata?" in ji Hajiya, tun kafin ta zauna. Idonta, wanda ya shekara talatin yana kama masu satar amsa, ya sauka a kan tebur. Ta zaro hannayen biyu ta ɗaga su sama. "Ikon Allah. Wace baiwar Allah ce mai hagu biyu?"

Tela ta buɗe baki za ta ba da uzuri, kuka ya riga maganar fitowa. Ta kifa kai a kan keke ta yi shi sosai, irin wanda ta kwana biyu tana dannewa saboda yara. Hajiya ba ta ce mata yi haƙuri ba. Ta jira har ta lafa, sannan ta ce, "To, faɗa mini." Tela ta kwashe komai ta faɗa mata, har da amsa ta uku.

Hajiya ta tashi ta tura ƙofar shagon, ta ja labulen gwaji. Ta sa hannu ta wuyan rigarta, ta ciro wani ɗan matashi mai laushi, an cusa shi da auduga, ta ajiye a kan tebur kusa da almakashi. Gefen dama na rigar ya kwanta.

"Shekara tara kina ɗinka masa ɗaki, ba ki taɓa gaishe shi ba," ta ce. "Wace irin tela ce ke? Sau nawa kika zagaya ni da tef?"

Tela ta dubi tef ɗin da ke wuyanta. Ita da take alfahari ido kawai take ɗora wa mace ta faɗi awonta.

"Na zaci makulli ne, Hajiya."

"Makulli! Gidan yari nake gadi?"

Dariya ta kuɓuce wa Tela, hawaye na zuba. Ta sa hannu ta taɓa ɗan matashin a hankali. "Tun yaushe?"

"Shekara goma sha huɗu. Na aurar da uku, na ga jikoki shida, na ga bayan teloli huɗu kafin ke." Hajiya ta gyara zama. "Kin ce duk wadda kika sani ta mutu. 'Yar nan, wadda ta mutu ai ita kowa ke sani. Mu da muka warke rufe bakinmu muke yi, mu sa riga mu fita kasuwa. Gwaggonki, wata nawa ta yi tana ɓoyewa kafin ta je asibiti?"

"Ta fi shekara biyu."

"To, wuƙa kuma me ta yi mata?"

Tela ta share hawaye. Can ta ce, "Ke da ke ce, wanne za ki zaɓa?"

"A'a, kar ki ɗora mini. Ni ba a ba ni zaɓi ba, na tsaya jiƙe-jiƙe na wata takwas har ya ci wuri. Ke an shimfiɗa miki biyu a kan tebur. Abin da zan iya gaya miki, in kin cire duka, za ki yi kuka gaban madubi, kuma zai wuce. In kin je gashi, za ki gaji, fatar wurin ta yi duhu, ki yi kewar 'ya'yanki, shi ma zai wuce. Na ukun nan ne ba ya wucewa."

Tela ta daɗe tana murza zare a yatsa. Ta tuna ƙanwarta da za ta iya riƙe yara, ta tuna shagon da zai yi sati biyar a kulle, kuma ta ga ba a kansa duniya za ta tashi ba. Tsoron yana nan, amma ya matsa ya ba ta wurin numfashi.

"A cire ƙullutun," ta ce. "Zan je gashin. Ina son abina, Hajiya, in dai an ce zan iya riƙe shi."

"To ki riƙe. Amma ki tambayi likita har sai ta gaji da ke." Hajiya ta mayar da ɗan matashin mazauninsa, ta daidaita rigar da tafin hannu, ta ɗauki jaka.

Har ta kai ƙofa Tela ta ce, "Hajiya, gobe kina da abin yi? Baban yara ya fi ni rawar jiki, in ya ga farar rigar likita komai ɓace masa yake."

"Ƙarfe nawa aka ce?"

"Tara."

"Bakwai da rabi zan zo," in ji Hajiya. "Na san alkawarin tela."